Awon Matar Kafinta

Tela tana cikin kalmasa bakin wani siket ta ji babur ya tsaya a ƙofar shago, ba a kashe shi ba. Ko ba ta ɗaga kai ba ta san Kafinta ne. A duk layin shi kaɗai ne yake kawo matarsa wurin ɗinki da kansa, ya zauna a kan babur yana jira kamar wanda ya kawo kaya za a sauke.

Matar ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Ledar yadi tana hannunta na hagu, na daman kuma yana cikin mayafi.

"A'a, 'yar gidana! Yau an sako ki ke nan?" in ji Gwaggo daga kan tabarmarta. Gwaggo ƙanwar mahaifin Tela ce, ta haura saba'in, aikinta a shagon ɗinka maɓalli da zance. "Zo in gan ki. Kin yi haske, amma kin rame a wuya. Ko mijin naki da katako yake ciyar da ke?"

Matar Kafinta ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta durƙusa ta gaishe ta. Da za ta miƙe, da hannun hagu ta dafa bango.

Tela ta gani. Ta cire ƙafarta daga kan keken ɗinki.

Wata biyu da suka wuce, da ta gani ta kawar da kai, ta ce ba huruminta ba ne. Amma a tsakanin nan Nas ɗin asibitin unguwa ta tara su, Asabar uku a jere, a ajin firamare: teloli mata, masu kitso, matar da ke tsaron kemis, duk wadda sana'arta ke sa mata su zauna a gabanta. Suka takure a kan bencin yara, gwiwa na dungurar teburi. Nas ba ta yi musu wa'azi ba. Tambayarsu ta yi, in mace ta zo da kumburin fuska, me suke fara ce mata. Ajin ya amsa baki ɗaya, har da dariya: "Ki yi haƙuri." Nas ta ce to, wannan kalmar su ajiye ta a aljihu tukuna, don wadda aka daka ta riga ta ji ta a gidansu da gidan surukai, ba ita ta zo nema ba. Ta ce kada a tambayi mace komai a gaban wanda ake zargi. Ta ce kada a yanke mata shawara. Sannan ta rubuta lambar waya a allo, lamba goma ban da sifilin farko, ta ce ana ɗauka ko da yaushe.

Wata mai kitso ta ɗaga hannu ta ce, "Ranki ya daɗe, ai irin waɗannan mazan har jaka suke zazzagewa. In ya ga kati da lamba, mun ƙara mata wani dukan ne."

Nas ta ce gaskiya ne, kowace ta nemo dabara a cikin sana'arta.

Tela ta kwana biyu tana juya abin. Ita sai da ta kai arba'in ta shiga ajin manya ta koyi riƙe biro, har yanzu in tana rubutu harshenta na leƙowa waje. Amma lambobi kam kullum tana rubuta su. Duk wadda ta kawo ɗinki tana ba ta 'yar takarda mai ɗauke da ranar karɓa da awonta guda biyar: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsayi. Awo biyar, kowanne lamba biyu. Goma ke nan cif. Ranar da ta gaya wa Nas, har tafa mata aka yi.

Ba ta taɓa gwadawa ba sai yau.

"Zo in auna ki, ƙanwata," ta ce, ta zaro tef daga wuyanta.

Daga waje Kafinta ya ɗaga murya a kan ƙarar babur. "Hajiya, ba kina da awonta ba? Sauri muke yi."

"Jikin mace ba katako ba ne, Malam, yana canzawa. Minti biyar."

Ta ja labulen da ya raba shagon biyu. Bayansa wuri ne da bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, da madubi mai tsaga a gefe, da ƙusa uku na rataye kaya. Nan ne kaɗai a duk layin da namiji ba ya iya sa ƙafa.

"Cire mayafin. Ɗaga hannuwanki."

Na hagu ya tashi. Na dama ya zo rabi ya tsaya, matar ta cije leɓe. Tela ta naɗe hannun rigar a hankali. Daga gwiwar hannu zuwa sama fatar ta yi baƙi-baƙi, shatin yatsu huɗu a jere, wuyan hannun kuma ya kumbura har awarwaro ya nutse a ciki.

Kalmar haƙurin nan ta taho bakin Tela da kanta, har ta buɗe baki. Ta haɗiye ta.

"Na gani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba dole sai kin ce komai ba."

"Ƙofa ce ta buge ni, Anti."

"To."

Tela ta zagaya tef a ƙirjinta, ta sauko da shi ƙugu. Ta duba, ta sake dubawa. Inci uku ya ƙaru a kan na watan jiya, ga mutum kuma ta rame ko'ina. Ta ɗago ta dube ta a madubi.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Ya sani?"

Ta gyaɗa kai. Tela ba ta ƙara tambaya ba, ta tsaya riƙe da tef tana jira. A waje babur yana ta ƙugi, Gwaggo tana yi wa wani mai wucewa tsiya a kan hularsa. Sai can matar ta fara magana, idonta a kan ƙusar bango.

"Ya karɓe wayata, wata biyu ke nan. Ya ce maƙwabta ne suke zuga ni. Ranar Asabar za mu tashi, ya kama ɗaki a bayan sabon shagonsa, can bakin gari. Na je na gani, Anti. Babu gida ko ɗaya kusa, sai injin yankan katako. In yana aiki ko ihu mutum ya yi ba a ji." Ta ɗora hannun hagu a kan cikinta. "Shekaranjiya da ƙafa ne. Na juya baya, shi ya sa ya samu hannun."

Tela ta lissafa kwanakin. Yau Talata.

"Wannan abin da ake yi miki ba daidai ba ne, kuma ba laifinki ba ne," ta ce. Maganar ta fito mata a sandare, kamar karatun allo, amma ta fito. "Akwai wadda za ki iya kira. Nas ɗin asibitinmu. Ba za ta zo ta buga muku ƙofa ba sai kin ce ta zo. Kina so in ba ki lambar?"

"Zai gani. Har zanina yake kakkaɓewa."

"Ba zai gane ba. Kina so?"

Matar Kafinta ta saci kallon labule. Sannan ta ce, "Matar da ke ɗakin kusa da namu tana da waya."

Tela ta ɗauko takardar awo, ta dafa ta a bango, ta rubuta a hankali, harshe a waje. Kafaɗa 62. Ƙirji 40. Ƙugu 09. Ta ƙarasa biyun da suka rage, ta sa ranar karɓa a ƙasa.

"Daga sama zuwa ƙasa za ki karanta, ki haɗe su, ki sa sifili a farko."

Matar Kafinta ta riƙe takardar kusa da fuska, leɓunanta suna motsi. Ta daɗe a haka, har sai da Tela ta taɓa ta, ta gyara mata mayafi, ta yaye labule.

Kafinta yana tsaye a tsakiyar shago.

Ba su ji shigowarsa ba, don babur ɗin na nan a waje yana aiki. Dogo ne, da fensir a bayan kunne da garin katako a gashin hannunsa. Gwaggo ta sa shi duba mata wata kujera mai gurguwar ƙafa, yana jujjuya ta da hannu ɗaya, amma idonsa yana kan labule.

"Minti biyar ɗin mata ke nan," ya ce yana murmushi. Ya ajiye kujera, ya miƙa wa matarsa hannu. "Mu gani."

Ta ba shi. Ya kai takardar bakin ƙofa inda haske yake. Tela ta koma kan kekenta ta zauna. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta yi tunanin miji mai zazzage jaka, ta yi tunanin miji mai bincike waya, amma ba ta taɓa tunanin mijin da shi ma da tef yake cin abinci ba.

"Hajiya."

"Na'am."

"Kafaɗa sittin da biyu?" Ya juyo. Murmushin yana nan, amma muryar ta sauka. "Ƙugu tara. Hannu sha ɗaya. Wannan matata kika auna ko allon makaranta?"

"Rubutuna ne, Malam. Ka san mu da muka yi karatu da girma."

"Na sani. Amma takardar watan jiya tana gida, na gani. Kafaɗa sha biyar kika sa. Mutum ba ya tashi daga sha biyar ya koma sittin da biyu." Ya kaɗa takardar. "Mene ne wannan?"

Matarsa ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙame gefen mayafi.

Gwaggo ce ta shiga, ba tare da ta san me ake ciki ba. Ita ba ta je ajin ba, ta ce da tsufanta ba za ta zauna a bencin jikokinta ba. "Kai dai bari, ɗan nan. Ai tun da Hajiyar taku ta fara zuwa wajen Nas ɗin nan komai nata ya canza, sai wasu sabbin..."

Almakashi ya suɓuce daga cinyar Tela ya faɗi a siminti.

"Wace Nas?" in ji Kafinta.

Gwaggo ta buɗe baki. Ta dubi Tela, wadda ta sunkuya tana laluben almakashin da ke gabanta ƙiri-ƙiri. Ta dubi yarinyar, ta dubi hannun da ke ɓoye cikin mayafi. Ta ɗauki maɓalli ɗaya daga gwangwani, ta jujjuya shi.

"Nas ɗin ido mana," ta ce. "An ce ta sa tabarau, ta ƙi, wai zai tsufar da ita. Sai magani ake ɗiga mata, yana sa ta gani biyu-biyu. Jiya ta ɗinke wa wata hannun riga a wuya. Ni da na ba saba'in baya ni nake zura mata zare a allura, ka ji abin kunya. Ka auna matarka da kanka, ɗan nan, in ba haka ba buhu za a ɗinka mata."

Kafinta ya daɗe yana kallon tsohuwar. Gwaggo ta ci gaba da ɗinka maɓallinta, ko gezau. Can ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Ai kuwa gara in auna."

Ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe daga aljihu, ya ja shi ya yi ƙara. "Tsaya sosai." Ya ɗora a kafaɗarta. "Sha biyar, kin gani ko, Hajiya?" Ya sauko da shi ta hannun dama, ya kama wuyan hannun ya miƙar da shi. Tela ta ga yadda babban yatsansa ya danna daidai kan kumburin, ta ga yadda matar ta runtse ido ba ta yi ko tari ba. "Ashirin da biyu." Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya juya takardar, ya rubuta nasa awon a baya da kyakkyawan rubutu. Sannan ya ninke ta biyu, ya nufi aljihun rigarsa da ita.

In ta shiga aljihun nan, zai sake buɗe ta a gida, a natse. Mutumin da ya tuna kafaɗa sha biyar ta watan jiya ba zai daɗe bai ƙirga lambobin nan ya ga goma ba ne.

"Malam, bar mini ita mana," in ji Tela. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fito daidai. "In ka tafi da ita da me zan yanka? Naka awon zan bi, ya fi nawa."

Ya tsaya. Ya dubi takardar, ya dube ta. Sannan ya jefa ta a kan keken.

"Ki sayi tabarau, Hajiya. Juma'a zan zo in karɓa da kaina." Ya juya ga matarsa. "Wuce mu tafi."

Suka fita. Tela ta bi bayan mayafin da kallo har ya wuce bakin ƙofa, takardar tana gabanta a kan keke, ba ta da sauran amfani. Ta ji babur ya ƙara wuta.

Sai ga matar ta dawo da gudu-gudu.

"Anti, na manta, a sa mini aljihu!" ta faɗa da ƙarfi yadda na waje zai ji. Ta matso ta sunkuya a kan keken kamar tana nuna wurin aljihun a jikin yadi, ta sauke murya. "Sittin da biyu. Arba'in. Sifili tara. Sha ɗaya. Tamanin da biyar."

Tela ta dubi takardar. Sha bakwai ta rubuta, ba sha ɗaya ba. Bakwai ɗinta ne, wanda malamin ajin manya ya yi ta fama da ita a kansa, kullum sai ya fito a miƙe kamar ɗaya. Shi ma Kafinta sha ɗaya ya karanta.

Ya danna hon. Yana kallonsu ta ƙofa, bai fi taku huɗu ba.

"Sha bakwai," in ji Tela, da muryar da take magana da kowa. "Zurfin aljihun nan sha bakwai za a yi, ba sha ɗaya ba. Kin ji ko? Sha bakwai."

"Sha bakwai. Na ji, Anti."

Hon ya sake tashi, mai tsawo. Ta fita.

Gwaggo ta jira ƙarar babur ta ɓace. Sannan ta ajiye allura. "Ke, ni za ki mayar maƙaryaciya da tsufana? Zauna ki gaya mini abin da na yi wa ƙarya."

Laraba ta wuce. Ranar Alhamis da rana Tela ta kasa daurewa, ta rufe keke ta tafi asibiti, ta samu Nas tana gwada wa wata tsohuwa hawan jini. Da ta keɓe da ita, Nas ta saurare ta har ƙarshe, ta ce dabarar takarda a daina ta haka nan, za su sake zama a nemi wata. Amma ko an kira ko ba a kira ba, ta ce ba za ta faɗa ba.

"Ko ni da na ba da lambar?"

"Ko ke, Yaya. Abin da ba ki sani ba, ba mai iya matse ki ki faɗa."

Tela ta dawo ranta a jagule. Ta yanka yadin, ta ɗinka rigar da awon da ta san shi ne daidai, ta saki ƙugun sosai.

Ranar Juma'a da hantsi Kafinta ya zo. Bai yi sallama ba. Idanunsa sun yi ja, rigar jikinsa ta jiya ce.

"Ina matata?"

Tela ta miƙe, keken yana tsakaninsu. "Lafiya, Malam?"

"Kada ki raina mini hankali. Jiya ina shago wasu mata biyu suka zo da mota, da yayanta, suka tafi da ita. Har asibiti an kai ta, an rubuta takarda a kaina. Wata biyu ba ta da waya. Ba inda ta je sai nan." Ya dafa keken da hannu biyu, ya sunkuyo. Warin zufa da katako ya bugi fuskarta. "Ina suka kai ta?"

"Ban sani ba."

"Ƙarya kike yi!"

"Wallahi ban san inda take ba."

Hannunsa yana dab da almakashi. Tela ta ga haka, ta kuma san ya ga ta gani. Ba ta ja da baya ba, don babu wurin ja, bango ne a bayanta.

Gwaggo ta leƙa ƙofa daga inda take zaune, ta ƙwala kira kamar mai neman a miƙo mata ruwa. "Mai Aski! Kai Mai Aski! Zo ga baƙo mun yi!"

Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da nasu, ya fito da reza a hannu, ya tuna, ya mayar da ita ya dawo hannu sake. Bayansa ga wanda ake yi wa askin, rabin kai a aske, da tawul a wuya. Matar kemis ta tsallako titi ta tsaya a bakin ƙofa, wayarta a hannu. Ba wanda ya ɗaga murya.

"Maigida, barka da hantsi," in ji Mai Aski. Shi ma ya taɓa zama a bencin yaran nan, ranar da Nas ta tara maza. "Fito mu yi magana a waje. Nan shagon mata ne."

"Ba ruwanka. Maganar iyalina ce."

"Na sani. Fito dai. Ga benci a wurina, in magana kake so za a saurare ka. Amma ba a nan ba."

Kafinta ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Mai rabin aski ya gyara tsayuwa, ya toshe rabin ƙofar da jikinsa, sannan ya matsa gefe ya bar hanyar fita.

Kafinta ya ɗage hannuwansa daga kan keken.

"Ba ni kayana."

Tela ta ciro rigar daga ƙusa, ta ninke, ta sa a leda ta miƙa masa. Ya fizge. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai ce wani abu, ya ga matar kemis ta ɗaga wayar ta kai kusa da kunne, ya fasa. Bai zauna a bencin Mai Aski ba. Suka tsaya suna kallonsa har ya sha kwana.

"Yau a buɗe zan bar ƙofata," in ji Mai Aski. "In ya dawo, bango kawai za ki buga." Ya ja mai rabin askinsa suka koma.

Tela ta zauna.

Gwaggo ta matso da tabarmarta kusa, ta rage murya. "To yanzu tsakanina da ke, ina yarinyar take?"

"Gwaggo, da gaske ban sani ba."

Tsohuwar ta ƙura mata ido, ta ga ba wasa take yi ba.

"To madalla," ta ce. "Asabar mai zuwa in za ki wajen Nas ɗin, ki tashe ni mu tafi. Amma ki gaya mata ta nemo mini kujerar manya."